Wane abincin gwaji ya dace da ƙirga Clostridium a bandar kifi?

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin kammala digiri a kan bandar kifin da ake sayarwa a kasuwar Yauri, kuma an umarce ni in ƙirga sifon Clostridium perfringens, ƙwayar cuta mai gurɓata abinci wadda ba ta tsira cikin oksijin. Sifo shi ne irin da ƙwayar ke dunƙulewa cikin ɓawo ta jure zafi da bushewa. A ɗakin gwajinmu akwai abincin gwaji, wato abin da ake shuka ƙwayoyin a kai su tsiro, iri uku: TSC da SPS, waɗanda agar ne mai daskarewa a faranti, da ruwan thioglycollate. Wanne kuke ba ni shawara in ɗauka?

Hajiya ta Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ɗauki TSC, domin shi ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 7937 ya tanada wa abinci kafin a maye gurbin ma'aunin a 2023, kuma a kansa ƙwayar ke fitowa baƙa ƙirin saboda sinadarin ƙarfe da sulfite da ke ciki. SPS kuwa yakan danne wasu nau'o'in ƙwayar da kake nema, sai adadinka ya zo ƙasa da gaskiya. Ka kula da cycloserine, maganin da ke hana sauran ƙwayoyi tsira: ba a saka shi kafin a dafa agar a tukunyar turiri, sai ya huce zuwa digiri 45 ko 47, sannan a zuba miligiram 400 a kowace lita. Idan faranti ya daskare, ka ƙara siririn agar a samansa don ya tare iska.

Malam na Argungu: Hajiya ta yi gaskiya, amma tunda sifo kaɗai kake so, dole ka fara ɗumama samfurin don kashe ƙwayoyin da ba su da ɓawo, kuma zafin shi ke tayar da masu ɓawon su tsiro. Da yawa suna yin digiri 80 na minti 10, masu gwajin ruwa bisa ISO 14189 kuma digiri 60 na minti 15. Wanda ka zaɓa, ka rubuta shi a rahotonka. Ka saka ma'aunin zafi a wata kwalba mai ruwa daidai da na samfurin, kada ka fara duba agogo sai ta kai zafin, sannan ka tsoma kwalaben cikin ruwan ƙanƙara nan take. Kifin nan ya riga ya sha wuta da hayaƙi, don haka wasu sifon sun raunana. Ɗan lysozyme, sinadari mai narkar da bangon ƙwaya, a cikin agar yakan taimaka su farfaɗo.

Dakta na Zuru: Abin da ya fi damuna shi ne tulun da ake rufe farantai a ciki don raba su da oksijin. Har yanzu ina ganin ɗalibai suna kunna kyandir a cikin gwangwani suna cewa sun kori oksijin, alhali kyandir na mutuwa ne da sauran iska mai yawa a ciki. Ka nemi tulu mai kyakkyawar roba a murfi, da fakitin GasPak mai cinye oksijin ko makamancinsa, da takardar shaida ta methylene blue, wadda za ta koma fara idan iskar ta fita. In ta tsaya shuɗiya, aikin ya ɓaci. Ka ƙirga bayan awa 20 a digiri 37, domin idan ka jinkirta baƙin yakan bazu ya haɗe ɗigogin. Kuma ba kowane baƙin ɗigo ne perfringens ba, sai ka tabbatar cewa ba ya motsi, yana sauya nitrate, yana narkar da gelatin.

Ɗan Yauri: Na gode, Allah ya saka da alheri. Idan faranti bai nuna komai ba fa?

Hajiya ta Birnin Kebbi: To sifon kaɗan ne, sai ka koma kwalaben DRCM, wani abincin gwaji na ruwa, uku ko biyar a kowane mataki na tsarmawa, ka fitar da adadi daga jadawalin MPN, wato na ƙiyasin adadin da ya fi yiwuwa. Thioglycollate ba na ƙirga ba ne. Don farfaɗowa da adanawa kuma babu kamar romon dafaffen nama na Robertson, wanda za ka iya haɗawa da kanka da zuciyar saniya daga mahauta idan na kanti ya yi tsada. Ka tafasa kwalaben minti 10 kafin shuka, ka bar su su huce ba tare da girgizawa ba.