Me ya sa korar Sarki Muhammadu V ta zame wa Faransa ƙaiƙayi?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Malamai, a nan Damagaram nasara sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906, suka kai shi Kodebuwa, magana ta mutu. A Maroko kuwa sun kori Muhammadu V a 1953, amma bayan shekara biyu da kansu suka maido shi. Ina bambancin yake?

Malamin Zango:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da hatimi. Tun yarjejeniyar Fas ta 1912, wadda ta sa Maroko ƙarƙashin Faransa, doka ba ta zama doka sai sarki ya buga mata hatiminsa, ita ce suke kira dahir. Faransawa sun naɗa Muhammadu V a 1927 yana ɗan shekara 18, suna zaton yaro ne mai sauƙin juyawa. Da ya ƙosa, musamman bayan jawabinsa na Tanja a Afrilun 1947, sai ya riƙa ƙin buga hatimin. Takardu suka taru, aikin gwamna ya cije. Shi ya sa suka haɗa baki da Tihami al-Galawi, pashan (wato gwamnan) Marrakesh, suka fitar da shi ran 20 ga Agusta 1953, jajiberin babbar salla, zuwa Korsika, daga can Madagaska.

Inna ta Garin Malam:
Malam ya yi daidai, amma babban kuskurensu wanda suka ɗora ne, wato Bin Arafa. Sarkin Maroko sharifi ne, da sunansa ake huɗubar Juma'a, don haka jama'a suka ƙaurace wa masallatan da ake ambaton sabon. Suka daina sayen tabar Faransa. Ko wata guda Bin Arafa bai yi a gadon ba aka kai masa hari yana hanyar masallaci. Ga kuma jam'iyyar Istiƙlal, da ta nemi ƴanci a rubuce tun 11 ga Janairun 1944. A 1906 wa ke da irin wannan a Damagaram?

Malamin Zango:
Gaskiya ne Inna. Ƙara da lokaci: Faransa ta sha kashi a Diyen Biyen Fu ta ƙasar Vietnam a Mayun 1954, yaƙin Aljeriya ya ɓarke a Nuwamban shekarar, ba ta iya riƙe wuta biyu a Arewacin Afirka. Sai ta maido da Muhammadu V, ya sauka Rabat ran 16 ga Nuwamba 1955, aka sa hannu kan ƴanci ran 2 ga Maris 1956, Sifaniya, wadda ke riƙe da arewacin ƙasar, ta bi sahu a Afrilu. Laƙabin malik, maimakon sultan, sai a 1957 ya ɗauka. Ya rasu a Fabrairun 1961 bayan tiyata, Allah ya jiƙansa.