Neman kalmar Hausa: keken da batir ke taimaka wa, da abin jan yara a bayansa

Mai shirya shiri, Tahoua:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai kafin daren Alhamis, domin ranar Juma'a da safe za mu naɗi shirin Hausa a gidan rediyonmu, kuma a ciki akwai bayanin da na fassara daga Faransanci a kan yadda magidanci zai zaɓi keke mai rahusa na fita shan iska da yara. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini. Ta farko ita ce vélo à assistance électrique, wato keke mai batir da ƙaramin inji wanda ba ya aiki sai mahayi yana juya feda. A dokar Tarayyar Turai ƙarfin injin ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Ta biyu ita ce remorque, wani mazauni mai taya biyu da rumfa da maɗauri, da ake maƙalawa a bayan keke a zaunar da yaro ɗaya ko biyu. Na rubuta “keken lantarki” da “tirelar yara”, amma hankalina bai kwanta ba.

Malamar Hausa, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka cire tirela tun yanzu, domin duk wanda ya ji ta a Adar babbar motar albasa zai hango a kan hanyar Ƙonni. “Keken goyo” ma ba zai yi ba, tunda idan an ce an goya yaro a keke, kowa ya san a kujerar baya aka ɗora shi. Abin da ake ja, mai taya biyu, sunansa amalanke. Ka ce “amalanken yara”.

Mai gyaran keke da moto, Tahoua:
Malama ta faɗi daidai a kan amalanke. Matsalar da nake gani tana wajen “keken lantarki”, domin a bakin mutanen da ke zuwa rumfata, duk abin da ake jona wa kuran “moto mai caji” ne, kuma idan mai sauraro ya rikita su zai sayo abin da bai kamata a ja yara da shi ba. Wanda ake murza hannu ya tashi da kansa daban ne da wanda sai an taka feda. Ina ganin a ce “keken lantarki mai feda”. Kuma tunda za a yi shiri, ina roƙon a faɗi abu uku. Masu rahusa yawanci injinsu a tsakiyar tayar baya yake, ƙarfen da ya ratsa tayar ya fi na keken gida kauri, ga wayar wuta tana fitowa ta gefensa, saboda haka maƙalin amalanken ba kullum yake shiga ba. A gwada kafin a biya. Birki ya fi gudu muhimmanci, domin yara biyu da amalankensu suna iya kai kilo 50, kuma nauyin yana tura keken gaba idan an zo gangara, don haka a nemi birki mai faifai. Batirin kuma, mai bolt 36 da amfiya-awa 10 ya isa zagayen gari, amma batirin litiyom ba ya son zafi, kada a bar shi a rana cikin watan Afrilu ko a yi cajinsa yana da ɗumi.

Tsohon malamin makaranta, Tahoua:
Ƴaƴana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. Keke aro ne, lantarki aro ne, feda aro ne, kun jera baƙi uku kun ce Hausa ce. A watan Maris na 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ashe ba lokacin da za mu ƙera namu ba ne? Harshen yana da ma'aunin da ya ba mu mantau da jimrau, don haka wannan abin hawa da aikinsa taimako ne, sunansa “taimakau”. Kalma ɗaya ce, tana da daɗin faɗa, kuma ta ɗauke dogon bayanin da mai gyara yake yi.

Ɗalibin jami'a, Yamai:
Baba, da girmamawa, taimakau ba ta nuna abin hawa ba, ana iya kiran magani ko mutum da ita. Bayan haka gidajen rediyon duniya da ƴan Kano sun riga sun saba da “mota mai amfani da lantarki”, kuma masu saurarenmu suna jin su kullum. Idan muka ware, mu kaɗai za mu fahimci kanmu.

Tsohon malamin makaranta, Tahoua:
Wannan maganar ce ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Sai Kano ta sa hannu kafin kalma ta halatta? Hausar Adar da Gobir da Arewa ba ƴar riƙo ba ce. Muna da namu tsarin rubutu, muna da masana a Jami'ar Abdou Moumouni, muna da INDRAP, cibiyar binciken koyarwa ta ƙasa, da ta daɗe tana buga littattafan makaranta da Hausa. Duk kalmar da kuke gani ta zauna, wani ne ya fara faɗarta ana kallonsa.

Ɗalibin jami'a, Yamai:
Ban ce Kano ta fi mu ba, Baba. Na ce kasuwarmu ɗaya da su, kuma mai sayen keken nan zai iya sayo shi daga can.

Malamar Hausa, Yamai:
Baba, Allah ya ƙara girma, babu wanda ya raina Hausar Adar a nan. Sai dai keke ya daɗe a bakinmu har ya haifi keken ɗinki da keken guragu, ya yi jam'i ya zama kekuna, kuma kalmar da ta yi haka ta zama ƴar gida. Abin da ke gaban yaron nan shi ne uwa ko uba su ji shirin sau ɗaya su gane abin da za su saya, musamman da yake rayukan yara ne a ciki. A Jamus, inda abin ya yaɗu, doka ba ta yarda a sa fiye da yara biyu a amalanken ba, kuma mai jan su sai ya kai shekara 16. Irin wannan bayanin ba ya son kalmar da sai an tsaya an fassara ta.

Mai shirya shiri, Tahoua:
Na gode ƙwarai. Zan fara da “keken lantarki mai feda”, in yi bayanin bambancinsa da moto mai caji, daga nan in ci gaba da “keken lantarki” kawai. “Amalanken yara” ta zauna, kuma zan sa maganar maƙali da birki da batir, in ƙara da hular kwano da jan maɗauri ga kowane yaro. Baba, idan ka amince, zan ambaci taimakau a ƙarshen shirin a matsayin shawarar wani dattijo, in nemi ra'ayin masu sauraro. Saura matakan ƙarfin injin da ake zaɓa a madanni, waɗanda na kira “matakan taimako” kafin a sami wadda ta fi.

Tsohon malamin makaranta, Tahoua:
Amalanken yara na karɓa. Sauran ban gamsu ba, amma shirinka ne, ka ambace ta kamar yadda ka ce, kuma ka faɗe ta da kyau, kada ka haɗiye wasalin ƙarshe.