Shawarwarin da aka tattaro daga wasan Byrne da Fischer na 1956

A tattaunawar da masu sha'awar darar ces suka yi kan wasan da Donald Byrne ya buga da Bobby Fischer a gasar tunawa da Rosenwald a birnin New York a 1956, lokacin Fischer yana ɗan shekara 13, hankali ya fi karkata ga buɗewar Grünfeld, salon fara wasan da Fischer ya bi yana riƙe da baƙaƙen 'ya'ya, wadda a cikinta mai baƙaƙe yake barin abokin karawarsa ya mamaye tsakiyar allo da sojoji, sannan ya riƙa kai musu farmaki daga gefe.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada mutum ya sake motsa ɗan da ya riga ya fitar alhali sarkinsa bai samu mafaka ba. Byrne ya yi hakan a motsi na 11, ya ɗauke bishof daga gidan f4 zuwa g5 (kowane gida a allon ana kiransa da harafi da lamba), sarkinsa kuwa yana nan tsaye a e1, nan take Fischer ya jefa dokinsa a4, gidan da ido ba ya saurin kai wa. A ganina, daga nan wasan ya kuɓuce wa Byrne.

Wasu sun ja kunnen masu koyo da kada sadaukar da sarauniyar da Fischer ya yi a motsi na 17 ta ruɗe su, domin sai da ya ƙirga abin da zai karɓa a madadinta: hasumiya ɗaya, bishof biyu da soja, kafin ya tsare sarkin Byrne ya ci wasan a motsi na 41.