Tambaya kan shimfiɗa tiyon zuƙo ruwan bishiyar mapul

Mai Tiyo Ringim:

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wata tambaya ce da ni wadda na san wasu za su yi min dariya amma dai zan yi. Ni sana'ata haɗa fayif da tiyo, ina yi wa masu noman rani aiki daga nan Ringim har wajen Taura. To ƙanena yana karatu a Kanada, can yankin Kebek, kuma a ƙauye ya kama haya, mai gidan wani dattijo ne da ke da ɗan daji a bayan gida mai bishiyoyin mapul kamar 60, ita ce wannan da ganyenta yake jikin tutar ƙasar. Duk shekara sai ya huda su ya rataya bokitai, ruwan ya ɗiɗɗiga, ya kwashe ya dafa har ya yi kauri kamar zuma. Yanzu tsufa ya zo gwiwa ta ƙi, ɗaukar bokiti cikin dusar ƙanƙara ya gagare shi, shi ne yaron nan ya buɗe baki ya ce ai yayana injiniyan tiyo ne a gida, zai zana mana yadda za a yi. Kun ji fa yadda ya rataya min jakar tsaba, ni da ko a mafarki ban taɓa ganin bishiyar ba.

Ya ce daga bishiyar ƙarshe ta sama zuwa rumfar da ake dafawa gangaren bai wuce ƙafa 10 ba, kuma wutar lantarki ba ta kai wajen ba. Wane girman tiyo za a sa? Sannan injin ban ruwa irin namu mai inci 2, in aka haɗa tiyon ta bakin da yake zuƙa, ba zai yi ba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka kar na ji kunya a gaban Bature.

Ɗan Kura:

Hhhh Injiniya an kai ka ƙasar waje ba biza. Ni dai tambayata ɗaya, in abin yana kawo kuɗi me zai hana mu gwada da dabinon Dutse, ko giginya, ga su nan birjik.

Abu Safwan B/Kudu:

Wa'alaikumus salam Malam. Na yi wannan aikin kaka biyu lokacin da nake can, don haka bari na faɗa maka abin da na gani da idona. Da farko ka cire maganar injin ban ruwa daga ranka. Shi ruwa mai yawa yake so a bakinsa, da ya sha iska ya saki, kai ma ka sani tunda sai ka ɗura masa ruwa kafin ya kama. Wannan kuwa abin da ke tafiya a cikin tiyon rabi ruwa ne rabi iska, ɗis ɗis yake zuwa, injinka zai yi ta ihu ne a banza.

Tsarin kamar jijiya yake. Ana huda bishiya da ƙaramin bakin dirila mai 5/16 na inci, zurfin inci ɗaya da rabi zuwa biyu, a kafa 'yar robar baki, daga ita sai guntun tiyo ya sauko ya haɗu da siririn layi wanda ke bi daga bishiya zuwa bishiya, kaurinsa ya ɗan fi robar ƙarin ruwa ta asibiti. Siraran layukan su ne ke zubawa cikin babban layi mai inci 3/4 ko inci 1, wanda ake ɗaure wa a jikin waya a ja ta tam, da gangaren aƙalla ƙafa 2 a duk ƙafa 100. Bishiyar da kaurinta bai kai inci 10 zuwa 12 ba ba a taɓa ta.

Siririn layin iri biyu ne, akwai 5/16 akwai 3/16. Shi 3/16 dabara ce da wani mai bincike Tim Wilmot ya fito da ita a cibiyar binciken mapul ta Proctor da ke jami'ar Bamont a Amurka. Saboda ramin ƙarami ne ruwa yake cika shi, nauyin ruwan da ke gangarowa sai ya riƙa jan na baya, kamar dai yadda kake zuƙo fetur daga tankin mota da mesa, ba inji ba komai. Amma sai da tudu, ana son kamar ƙafa 30 na gangare ƙasa da bishiyar ƙarshe kafin ya ja sosai. Kowace ƙafa ɗaya ta gangare ba ta cika inci ɗaya a geji ba, wato agogon da ke auna ƙarfin zuƙa, to ƙafa 10 ɗin da ka faɗa ba za ta wuce inci 8 ko 9 ba, shi ma ga bishiyoyin sama kawai, na ƙasa ko oho.

Saboda haka ni a wurina ku sa 5/16 da ƙaramin famfo mai aiki da batir 12, irin Shurflo ɗin nan da ake sa wa a motocin kwana, da batir da falle ɗaya na sola ya wadatar wa huda 60. Kar ku jera wa siririn layi ɗaya bishiyoyi da yawa, biyar ake so, in an matsa kar a wuce goma. A sa 'yar rariya kafin famfon saboda ɓarɓashin katako da ƙanƙara, a saka shi cikin akwati mai ɗumi don in ruwa ya daskare a cikinsa robarsa ta tafi.

Amma abin da zai ba ka mamaki a matsayinka na mai ban ruwa shi ne yoyo. Kai in tiyonka ya huje ruwa ne zai yi tsartuwa, ƙasa ta jiƙe, daga nesa ka hango. Nan kuwa iska ce ke shiga, ba abin da za ka gani a ƙasa, sai dai ka duba geji ka ga allura ta sauko daga 22 zuwa 10 ka rasa dalili. Kuma ɗan famfon nan ba shi da ƙarfin kwashe iska mai yawa, huda ɗaya kamar ta allura ta isa ta kashe maka layi gaba ɗaya. Haka muke bin layi da ƙafa kullum da safe, kana kallon ƙwayoyin iska a cikin tiyo, in suna tafiya a hankali lafiya, in ka ga suna gudu kamar an koro su to ɓarnar tana sama da nan, ka bi a hankali kana kasa kunne har ka ji ɗan tsiii. Kuma sau tari wa ke wannan aika-aikar? Kurege. Wallahi kuregen can ma halinsu ɗaya da na tatsuniya, ya gatsa nan ya gatsa can ya haye sama yana kallonka. Ka ce wa ƙanenka ya sayi geji biyu, ɗaya a bakin famfo ɗaya a ƙarshen layi can sama, da almakashin tiyo da 'yan haɗi a aljihu.

Maman Ilham Kazaure:

Abu Safwan ya gama magana kan tiyo, ni Ɗan Kura zan ba amsa don na ga da gaske yake ko da yake yana dariya. Ita mapul ba haka kawai take zubar da ruwa ba, sai dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa sannan rana ta narkar. Daskarewar ce ke sa ta zuƙo ruwa daga saiwa, narkewar ta sa ya matso ya nemi hanyar fita, shi ya sa kakar gaba ɗaya mako 4 zuwa 6 ce, tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu. Famfon rage matsin iskar da ke bakin hudar kawai yake yi, masu binciken sun ce duk inci ɗaya da aka ƙara a geji ruwan na ƙaruwa da kamar kashi 5 cikin 100. Mu hunturunmu ko na Janairu da ke fasa leɓe bai daskarar da ruwan randa ba.

Dabino kam ana tatsarsa, a Bangaladash da Indiya suna yi lokacin sanyi su dafa ya zama kamar mazarƙwaila, amma feƙe wuyan bishiyar ake yi a rataya tulu, ba huda gindi ba, kuma yana rage mata 'ya'ya. Can ma shan ɗanyensa ya sha jawo cutar Nipah saboda jemagu na lasar tulun da dare. Ka bar dabinonka ya yi 'ya'ya ka sayar da azumi.

Sannan Malam Mai Tiyo ku yi lissafin tanki. Ranar da ruwa ya zo da kyau huda ɗaya na iya ba da lita 4 zuwa 8, ka ga huda 60 kana neman tankin lita 500, kuma na abinci ba wanda aka taɓa zuba mai ba. Ruwan kamar nono yake, in ya ji ɗumi ya kwana biyu ya yi tsami.

Baba Na Gwarzo:

Yaro ni ban san mapul ba amma na yi shekaru ina dafa mazarƙwaila, kuma jikana ya karanto min cewa zaƙin ruwan nan kashi 2 ne kacal cikin 100, wai sai an ƙone lita 40 kafin a samu lita ɗaya. To ruwan rake da ya ninka shi zaƙi sau da yawa ma mun san itacen da yake ci. Kuna ta murnar famfo zai ninka ruwa, wa zai ninka itacen, wa zai tsaya a bakin wuta har asuba? Mutumin da kuka ce gwiwarsa ta ƙi. Ku tambaye shi faɗin kaskonsa tukuna kafin ku jawo masa kogi.

Mai Tiyo Ringim:

Allah ya saka da alheri, Baba wallahi wannan ko kusa bai zo min a rai ba. Na kira yaron yanzu, ya ce kaskon dattijon ƙarami ne kuma da bokiti ma wani lokacin sai dare yake gamawa. Don haka na ce bana su fara da bishiya 30 na kusa da rumfa, layi shida biyar biyar, sauran a bar su sai an ga yadda wuta za ta iya. Abu Safwan zan turo maka zanen da na yi a bayan kwalin siminti ka duba min, musamman inda babban layi zai tsallaka wani ɗan kwari, ina tsoron kar ya yi ciki ruwa ya kwanta a wurin ya daskare. Kuma robar bakin nan, duk shekara ake canjawa ko wankewa ake yi?

Abu Safwan B/Kudu:

Canjawa ake, ba ta da tsada, tsohuwar tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke sa hudar ta toshe da wuri. Kuma sabuwar huda duk shekara, a matsa gefe da 'yan inci daga ta bara. Maganar kwarin kuma a kafa sanda a tsakiya a ɗaga wayar, turo zanen na gani bayan isha'i.