Tabon baƙin rini ya ƙi fita daga layin tayil, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyaran gashi. Shawara nake nema kan rinin gashi mai haɗi biyu, wanda ake kwaɓa kirim da ruwan feroksayid daidai wa daida.

Ta wajen fata babu matsala. Ana shafa basilin a goshi, kunnuwa da ƙeya, a sa safar hannu, a kwaɓa a kwanon roba saboda ƙarfe yana ɓata haɗin, a shimfiɗa leda a ƙasa. Wahalar tana wajen wanki bayan minti 30. Ruwan farko yana fantsama a bango, fuskar tayil ta goge da soso, amma farin simintin da ke tsakani yana da ƙofofi, sai ya shanye. Rinin kuma yana ci gaba da duhu bayan ya sha iska, shi ya sa ɗigon da ba a gani da dare yake wayar gari baƙi ƙirin.

An gwada garin sabulu da buroshin haƙori, bai motsa ba. Bilic da aka surka, kashi 1 cikin ruwa kashi 10, ya mai da shi ruwan ƙasa kawai. Lemon tsami yana cin simintin, kuma haɗa shi da bilic haɗari ne, iskar da ke tashi guba ce.

Shin kwaɓin bekin soda da feroksayid mai kashi 6 cikin 100 zai cire tabon da ya kwana biyu? Minti nawa za a bar shi? Ko dai sai an kankare layin an sake cikawa?