Wane furosesa ne kuɗinsa bai faɗi a banza ba ga mai haɗa kwamfutar wasa da ɗan abin hannu?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina shirin haɗa kwamfutar tebur domin wasa, kuma kuɗin da ke hannuna ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Wasannin da nake so su ne EA Sports FC da GTA V da Fortnite, sai Warzone idan hali ya yi, duka a kan allo mai 1080p. Na riga na tsayar da shawara a kan katin hoto RX 6600 mai 8GB, wato na'urar da ke sarrafa hoton wasa, abin da ya rage shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda nake ta kai kawo tsakanin Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD da Core i5-12400F na kamfanin Intel da kuma Ryzen 5 5500, wanda ya fi su araha. Akwai kuma wani mai shago da yake kwaɗaita mini tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo mai Core i7 zubi na huɗu, yana cewa i7 ko ta tsufa ta fi i5. Da inbata da sola zan riƙa kunna ta, saboda haka shan wuta ma abin dubawa ne a wurina.

Injiniya Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai shagon nan ka ajiye ta gefe tun yanzu. Core i7-4770, ɗaya daga cikin 'yan zubi na huɗun nan, ya fito ne a 2013, ƙwayoyin aikinsa huɗu ne, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) nau'in DDR3 yake tafiya, kuma ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, domin daga zubi na takwas na Intel ta fara, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ban da wannan, akwatin wutar irin waɗannan kwamfutocin ofis, wato na'urar da ke raba wa sassansu lantarki, sau da yawa ba shi da filogi mai baki takwas da RX 6600 yake bukata, ka ga sai ka sake sayen wani, wani lokaci ma ba zai shiga gidan kwamfutar ba. Zubin da furosesa ya fito a cikinsa ya fi lambar 5 ko 7 da ke jikin sunansa nauyi.

Tsakanin 5600 da 12400F kuwa, kusan kunnen doki ne. Dukansu sun fito a 2022, kowanne yana da ƙwayoyi shida da layukan aiki goma sha biyu, kowanne an rubuta masa wat 65, kuma idan ka haɗa su da RX 6600 katin ne zai fara gajiya kafin su, ta yadda a yawancin wasanni ba za ka iya bambance su da ido ba. Saboda haka kada ka tambayi kuɗin furosesa shi kaɗai. Ka sa a yi maka jimillar abu uku, wato furosesa da madabod (babban allon da ake ɗora sauran sassa a kansa) da RAM, ta ɓangaren AMD da ta ɓangaren Intel, sannan ka ɗauki wadda ta fi sauƙi a ranar da za ka saya. Ryzen 5 5600 yana zama a soket ɗin AM4, wato mazauninsa a jikin madabod, inda allunan madabod irin A520 da B450 da B550 suka cika kasuwa, sababbi da na hannu. Shi kuma 12400F yana zama a LGA1700, a kan H610 ko B660 ko B760, kuma akwai masu karɓar DDR4 akwai masu karɓar DDR5, sai ka lura kada ka sayi RAM ɗin da ba za ta shiga ba. A ganina AM4 ya fi yawan yin nasara a wannan lissafi, amma kasuwa ba ta da tabbas, musamman yadda canji yake juya farashi. Duk abin da ya yi rara ka ƙara shi a kan katin hoto ko akwatin wuta mai nagarta.

Abu ɗaya da mutane suke yi wa riƙon sakainar kashi shi ne RAM. Ka sayi sanda biyu masu 8GB kowacce, maimakon sanda ɗaya mai 16GB, domin su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Wannan kaɗai yana rage sarƙewar hoto a Warzone fiye da yadda bambancin furosesan nan biyu zai yi.

Mai Gyara Zariya ya amsa:

Na yarda da Injiniya, sai dai zan yi ƙarin bayani a kan 5500, tunda arahar tana jan hankali. Sunansa ya yi kusa da na 5600, amma cikinsa ya bambanta: ma'ajiyarsa ta kusa da ake kira L3 16MB ce, ta 5600 kuwa 32MB, kuma wasanni suna cikin abubuwan da suka fi jin wannan ragi. Sannan a hanyar da yake sadarwa da katin hoto, iyakarsa PCIe 3.0. Da RX 6600 wannan ba zai cuce ka sosai ba, amma wanda ya haɗa shi da RX 6500 XT, mai layuka huɗu kacal da 4GB, zai ga asara a fili. Idan tazarar kuɗinsa da 5600 kaɗan ce, ka daure ka cika. Idan kuwa tazarar ta isa ta saya maka SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, ko ta cika maka RAM, to 5500 ba abin kunya ba ne.

Idan na hannu za ka saya, ka duba ƙasan Ryzen ɗin da kyau a cikin haske, domin a AM4 allurai a jikin furosesa suke, kuma suna lanƙwashewa. A LGA1700 kuma a cikin soket ɗin madabod suke, can za ka duba. Haka nan tsohon madabod na B450 ba lallai ya tashi da 5600 ba sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke tayar da shi, saboda haka ka sa a kunna a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka.

Bazazzagiya ta amsa:

Ni ina da ɗan saɓani da ku, malamai. AM4 ya fara ne tun 2016, kuma babu wani sabon zubi da ake jira a kansa, LGA1700 ma ya tsaya a zubi na goma sha huɗu. Wanda ya sayi ɗayansu yau ya san cewa ranar da zai ɗaga kwamfutarsa da gaske, madabod da RAM duk za su tafi tare. AM5 kuwa, soket ɗin da ya gaji AM4, AMD ta ce za ta ci gaba da tallafa masa har 2027 da bayanta, kuma Ryzen 5 7500F ko 7600 sun fi 5600 sauri a wasa. Matsalar ita ce DDR5 kaɗai yake karɓa, ga shi farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2025. Duk da haka ina ganin ya kamata ɗan'uwanmu ya nemi jimillar AM5 ita ma, ya ga tazarar da idonsa kafin ya yanke hukunci.

Injiniya Tudun Wada ya amsa:

Hajiya, hujjarki tana da ƙarfi ga wanda yake da tabbacin zai sake sayen furosesa nan da shekara biyu ko uku. Amma mai ƙaramin kasafi idan ya biya kuɗin gobe a yau, daga katin hoto yake cire su, kuma katin ne yake ɗauke da mafi yawan nauyin wasa. Furosesa mai ƙarfi a kan kati mai rauni kamar ɗaura wa jaki sirdin doki ne. Sannan AM4 bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba, tunda akwai 5700X3D da 5800X3D masu L3 har 96MB, ga wanda ya same su na hannu a gaba.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Saura tambaya biyu. Shin Ryzen 5 5600G zai yi, domin in fara wasa kafin in kammala tara kuɗin kati? Kuma fankar sanyaya furosesa da take zuwa cikin kwalinsa za ta iya da zafin Kano?

Mai Gyara Zariya ya amsa:

Amin, Malam. 5600G yana da na'urar hoto a cikinsa, zai kunna maka GTA V da Fortnite idan ka sassauta ingancin hoto, amma Warzone zai ba shi wahala, kuma ranar da kati ya zo abin da ke hannunka kusan daidai yake da 5500, da L3 ɗinsa mai 16MB da PCIe 3.0. Idan jiran katin na watanni ne masu yawa, ya dace. Idan kuɗin katin suna hannu, ka tsaya a kan 5600, kana sane da cewa shi da 12400F ba sa nuna hoto ko kaɗan sai da kati.

Fankar kwali ta isa furosesa mai wat 65, sai dai a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, za ka ji ƙararta, kuma ƙaramar fanka mai hasumiya ba ta da tsada idan abin ya dame ka. Ka zaɓi gidan kwamfuta mai raga a gaba, ka riƙa hure ƙura a lokacin hunturu. Game da wuta, RX 6600 wat 132 aka rubuta masa, kuma kwamfutar gaba ɗaya ba kasafai za ta haura wat 300 a tsakiyar wasa ba, ban da allo. Ka dai tabbatar inbatarka irin mai ba da tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake kira pure sine wave, domin akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da inbatoci masu arahar nan.