Kasuwar Duniya Ta 'Yanta Mata, Ko Arahar Guminsu Ta Gani?

Alhaji: Jama'a, assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: babu dokar da ta yi wa mata abin da buɗe iyakoki ga kasuwanci ya yi musu. Ku dubi Bangladesh. Masana'antun ɗinki na ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 4, fiye da rabinsu mata, kuma tufafi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa. Matar da a da ba ta taɓa riƙe kuɗin kanta ba, yau albashi take ɗauka. Mai ja ya fito.

Kwamared: Wa'alaikumus salam. Alhaji, ka je Bangladesh amma ka tsallake Rana Plaza. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, bene mai hawa takwas ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinki. Tun ana gobe aka ga ginin ya tsattsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, su kuwa matan aka ce ko su koma kan kekunansu ko su rasa albashi. Rigunan da suke ɗinkawa na manyan kantunan Turai da Amurka ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Malama: Kwamared, a yi wa Alhaji adalci, yana da hujja. Binciken Rachel Heath da Mushfiq Mobarak na 2015 ya nuna 'yan matan ƙauyukan da ke kusa da masana'antun sun fi daɗewa a makaranta, kuma an rage yi musu auren wuri. Rahoton Bankin Duniya da ƙungiyar kasuwanci ta duniya, WTO, na 2020 ma ya ce a ƙasashe masu tasowa, mata sun kai kashi 33 na ma'aikatan kamfanonin da ke fitar da kaya waje, a sauran kuwa kashi 24. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Me ya sa aka zaɓi matan tun farko? Don sun fi araha, kuma ana ganin ba za su kafa ƙungiya su tayar da ƙayar baya ba. A Meziko, masana'antun bakin iyakar Amurka da mata suka fara, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa a 1996 cewa ana yi wa masu neman aiki gwajin ciki. Da aikin ya koma na manyan injuna, kason maza ya yi ta ƙaruwa. Koriya ta Kudu ma, da fitar da kaya ta yi arziki, amma har yau tazarar albashin mace da namiji a can ta fi ta kowace ƙasa a ƙungiyar OECD, wadda akasarin membobinta ƙasashe ne masu arziki.

Alhaji: Ranki ya daɗe, da babu ai gara ba daɗi.

Auta: Anti, ni na rikice. To a rufe iyakokin ke nan?

Malama: A'a ƙanwata, matan ne za su fara shan wuya. Lesotho ta samu dubban ayyukan ɗinki albarkacin dokar AGOA ta Amurka ta 2000, wadda ta ba wasu ƙasashen Afirka damar shigar da kaya Amurka ba haraji. Da aka soke tsarin kason tufafi na duniya, wanda ke iyakance yawan tufafin da ƙasashe irin su China za su shigar Amurka da Turai, a farkon 2005, wasu masana'antu suka rufe, mata suka koma gida hannu rabbana. Aikin da ya zo don araha, in ya ga wadda ta fi, tafiya yake.

Kwamared: Shi ya sa nake cewa a duba abin da ke da haƙora. Bayan Rana Plaza, kamfanoni sama da 200 suka sa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago kan yarjejeniyar tsaron gine-gine wadda za a iya kai wanda ya saɓa ta gaban masu hukunci. Aka binciki masana'antu, aka gyara wayoyin lantarki, aka buɗe ƙofofin tsira. Sanarwar Buenos Aires ta 2017 kan mata da kasuwanci kuwa, ƙasashe 118 suka amince da ita, amma ba ta ɗaure kowa ba.

Alhaji: Ku matsa da ƙarin albashi, mai masana'anta ya tattara ya koma wata ƙasa. Sai ku ciyar da matan da yarjejeniya.

Kwamared: A 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashin masu ɗinki a Bangladesh daga taka (kuɗin ƙasar) 8,000 zuwa 12,500, alhali taka 23,000 ma'aikata suka nema. Masana'antun na nan. Lokacin korona kuwa, ba wanda ya nemi ƙari, amma masu saye suka soke odar sama da dala biliyan 3, har da kayan da aka gama ɗinkawa.

Auta: Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne, idan mace ta tashi daga masana'anta, wa ke mata girki da raino?

Malama: Ita ce dai. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ILO, ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida marar biya mata ne ke yin sa. Alhaji, wannan kuma a wane shafi na lissafinka ka sa shi?

Alhaji: Wannan ba laifin kasuwa ba ne, Malama, a tambayi mazajensu.